Awo Kafin Yanka

A Tudun Wadan Zariya, ba nisa da Agoro, akwai wani tela wanda ya gaji gidan ƙasa daga mahaifinsa. Unguwar nan tun farkon zamanin Turawa aka kafa ta a bayan ganuwa, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin baƙi 'yan Arewa. Yawancin tsofaffin gidajenta magina ne suka ɗora su da tubali da azara, ba takarda ba alƙalami. Gidan telan nan ma haka ya ke.

Da babban ɗansa ya isa aure, sai ya yi shawara ya rushe zaure da shagon da ke gefensa, ya gina kantuna biyu na bulo a ƙasa, bisa kuwa ya ɗora bene mai ɗaki biyu inda ango da amarya za su zauna. Aka sa ranar biki bayan Babbar Salla. Ya fitar da abin da ya tara shekara da shekaru, ya sayi siminti buhu 100 tun da rani domin gudun kada ya ƙara tsada, ya jibge a wani ɗaki.

Sa'an nan aka gaya masa ba a yin irin wannan gini sai da takardar izini. Ga abin da ya sa. Tun 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa, a 1946 kuma aka yi dokar tsara gari da karkara. A zamanin En'e, duba-gari da ma'aikatan gine-gine su ke lura da irin wannan. A 1976 aka kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, a 1978 dokar ƙasa ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, a 1992 kuma aka yi sabuwar dokar tsara birane ta Nijeriya duka. A Jihar Kaduna hukumar KASUPDA ita ke duba zanen gini ta ba da izini. Ba ta kuwa duba bakin mutum, takarda ta ke dubawa.

Tela ya tambayi kuɗin zane wurin masu aikin, ya ji da tsada. Sai wani birkila ya kai shi wurin wani yaro mai kwamfuta, wanda ya ce zai yi masa a kan sulusin kuɗin, cikin kwana biyu. Yaron bai taka ƙafarsa gidan ba. Ya buɗe zanen wani gida da ke cikin kwamfutarsa, ya share sunan mai shi ya sa na tela, ya buga a manyan takardu. Tela ya ga layuka sun miƙe sarai, ga tagogi ga matakala, ya yi murna, ya naɗe ya kai ofis.

Bayan mako uku ya koma. Ma'aikacin da ke duba zane ya shimfiɗa takardun, ya ajiye takardar safiyo kusa da su, ya ce, "Baba, wannan zane ba na filinka ba ne. An yi shi domin fuloti mai faɗin ƙafa 50, naka kuwa ƙafa 40 ne a gaba, ya kuma tsuke ta baya. In aka bi wannan, bangonka zai hau kan lambatu ya ci hanya."

Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, ai magini ya san inda iyakata ta ke. In ya zo wurin sai ya rage."

Ma'aikaci ya ce, "Abin da na sa wa hannu shi na yarda a gina. Ba ni da ikon sa hannu a kan abin da magini zai yi tunaninsa daga baya."

Tela ya mayar wa yaro, ya matse zanen a kwamfuta, aka sake kaiwa. Da ya ke takarda in ta dawo bayan layi ta ke komawa, sai da aka ƙara wata guda. Wannan karon kuskure uku aka nuna masa. Na fari, zanen fasalin ɗakuna da zanen ƙarfin gini ba su yi daidai da juna ba: a ɗaya akwai ƙofar kanti, a ɗayan kuwa ginshiƙi ya tsaya a tsakiyar ƙofar nan. Na biyu, ba a rubuta kaurin rodin da za a sa cikin ginshiƙai da rufin kankare ba, balle yawansu. Na uku, an sa ramin sokawe jikin katangar maƙwabci, daidai inda rijiyarsa ta ke. Ban da haka kuma babu hatimin kowa a jikin takardun.

Batun hatimin nan yana bukatar bayani. Zanen bene aikin mutum biyu ne. Mai zanen gini shi ke tsara ɗakuna da ƙofofi da mashigar iska. Injiniya shi ke lissafin nauyi, watau ya faɗi zurfin harsashi da kaurin ginshiƙi da irin rodin da zai ɗauki bene da mutanen da ke kansa. Tun 1969 aka kafa majalisar rajistar masu zanen gini, wadda a ke kira ARCON, a 1970 kuma ta injiniyoyi, watau COREN. Wanda ya buga hatiminsa ya ɗauki alhaki ke nan, in ginin ya fāɗi an san wanda za a tambaya. Yaron nan ba shi da ko ɗaya.

Ana cikin haka damina ta sauka. Birkila ya zo ya ce, "Maigida, mu fara kawai. In gini ya kai linta wa zai ce a rushe?" Surukai kuma suka aiko suna tambaya ko ɗaki ya kusa. Uwargida ta ce masa mutane sun fara magana. Daren nan bai yi barci sosai ba. Ya sha ganin jan fenti a bangon waɗanda suka yi gini ba izini, ya kuma san abin da ke biyo baya. Amma ya fi jin ciwon a ce ya sa rana ya kasa cikawa. A zuciyarsa ya riƙa cewa lalle ma'aikacin nan wani abu ya ke nema.

Da safe bayan ya idar da salla, sai ya shimfiɗa zanen a kan teburin da ya ke yanka yadi. Shi dai bai yi makarantar boko yana yaro ba, da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatu da lissafi. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da ke gaban ginin ɗaya ɗaya. Kanti na fari ƙafa 18, na biyu ƙafa 18, hanyar shiga gida ƙafa 6. Ya tara a gefen takarda, ya sami 42. Ya duba jimlar da aka rubuta a ƙasa, ya ga 36. Ya sake tarawa, 42 dai. Ashe yaron jimlar kaɗai ya sauya, bai taɓa awon ɗakunan ba. Ga shi filin duka ƙafa 40 ne, tun ba a sa kaurin bango ba.

Ya daɗe yana duban takardar. Shekara talatin yana ɗinki bai taɓa sa almakashi a shaddar mutum ba sai ya auna shi, amma ga shi ya yarda a yanka masa gida da awon gidan wani. Ya kira ɗansa ya nuna masa, ya ce, "Ka ga, laifin ba na ofis ba ne. Araha ba ta ado."

Zariya kuwa ba garin da za a rasa masu wannan ilmi ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana koyar da zanen gini da aikin injiniya, haka kuma kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Tela ya sami masu rajista. Suka zo gidan da kansu da tef, suka auna kowace kusurwa, suka haƙa rami suka duba ƙasa. Suka rage kowane kanti zuwa ƙafa 13, suka ja ginin baya daga lambatu, suka ɗauke sokawe daga wajen rijiya. Injiniya ya dubi tsohon zanen ya ce, "Baba, ka gode wa Allah da aka tsai da kai. Ginshiƙai huɗun nan ba za su riƙe bene ba." Tela ya tuna makarantar nan da ta rufta a Jos a watan Yuli na 2024 yara suna cikin aji, aka rasa rayuka fiye da 20. Bai ce kome ba.

Da aka kai sabon zane, ba a dawo da shi ba, izini ya fito. Amma kafin nan ruwan Agusta ya yi aikinsa: da aka buɗe ɗakin siminti, buhu 30 na ƙasa sun sha danshi sun zama dutse. Kuɗin zane ya biya sau biyu. Ya ɗauki goro ya tafi gidan surukai da kansa, ya faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, ya roƙi a ɗaga biki zuwa bayan kaka. Uban yarinya ya ce, "Malam, gara 'yata ta jira wata huɗu da ta kwana ƙarƙashin rufin da ba a san ƙarfinsa ba."

Wani zai ce, ai Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu ba tare da zane ba. Gaskiya ne, amma shi awon yana cikin kansa, shi ne kuma ke tsaye a kan aikin, da ƙasa da azara waɗanda ya sani tun yana yaro. Kankare kuwa da an zuba ya ɓoye rodin da ke ciki, ba mai sake ganinsa. Takarda ce kaɗai shaida.

Saboda haka duk wanda ke da niyyar gini, ya fara da takardar safiyo da ta mallakar fili. Kada ya karɓi zane daga wanda bai zo ya auna filin ba. In an ba shi, ya zauna ya tara lambobin da kansa, ya ga ko sun yi daidai da jimla, ya duba inda sokawe ya ke da inda rijiya ta ke, ya nemi hatimi. Kada kuma ya sayi siminti sai izini ya shiga hannunsa. Wanda ya iya karatu da lissafi ya isa yin wannan duka.

Yanzu kantunan suna nan a bakin hanya, ango da amarya suna bisa. Tela yana ɗinki a kanti na fari. Tsohon zanen kuwa bai yar ba, ya yanyanka shi yana fitar da fasalin wuyan riga da shi.