Gidan Kabare a Hanyar Kurfi

Da sassafe muka bar Dutsin-Ma, don a 'yan shekarun nan ba kowa ke son yamma ta yi masa a wannan hanya ba. Watan Yuni ne, an yi ruwan shuka, shamuwa ma ta dawo kan tsamiyoyin gari. Kwana biyu na yi wajen wani ɗan'uwana a bakin dam ɗin Zobe, yanzu na nufi Katsina ta Kurfi.

Ba mu kai Kurfi ba taya ta yi faci. Direba ya shiga neman jak, mu kuma muka fake ƙarƙashin wata aduwa a gefen kududdufi. Hayaniyar kabare ce ta sa na ɗaga kai. Sheƙoƙi na lilo a ƙarshen rassa, wasu ciyawarsu ɗanya shar, wani namiji ya rataye kansa a ƙasa yana kaɗa fukafukai. Kowace sheƙa bakinta ƙasa yake kallo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suka yi cincirindo a ɓangaren yamma, gabas kuwa sai ɗai-ɗai.

Wani dattijo da ke cire ciyawa a gonar gero ya ga na ƙura ido.

"Ɗana, daga ina hadari ke taso mana?"

"Daga gabas, Baba."

"To, ka ba kanka amsa."

Gaskiyarsa. A ƙasarmu iskar hadari daga gabas take bugowa, ta hunturu kuma daga arewa maso gabas. Shi ya sa bangon gabas ke riga zaizayewa a gidan ƙasa, har magina ke ƙara masa yaɓe. Tsuntsun ya sa jikin bishiyar ya zame masa katanga, ya juya ƙofa ƙasa don kada ruwa ya shiga, ya zaɓi siririn reshe mai ƙaya inda maciji zai sha wahala. Ban ce duk bishiya haka take ba. Ta gaba da na duba daga tagar mota, rassan da suka leƙa kan ruwa tsuntsayen suka bi.

Muna shiga Kurfi gabas ta yi baƙi ƙirin, masu tebur a bakin titi suna ta kwashe kaya.