Zuwa Ga Ƙanena a Azare, Kan Rigar Nutso

Fatakwal,
Jihar Ribas.

Ƙanena,

  

Na ga hotunan rigunan nutso ukun da ka turo ta WhatsApp, na kuma saurari saƙonka har sau biyu. Na zaɓi in rubuto maka ne don ka samu abin karanta wa abokanka da kuka yi karo-karon kuɗin tare. Niyyarku ta sayen kayan nutso don nemo waɗanda suka nutse ta faranta min rai. Tun damanar 2024 da ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasarmu ta Katagum nake jin labarin samari masu faɗawa ruwa da gajeren wando don nemo wanda ya nutse, wani lokaci a kwana ana lalube, iyaye na zaune a bakin gaɓa. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki ya ɗauki lada. Amma ciki ɗaya muka fito, ba zan bar ka ka shiga da ka ba.

A saƙonka ka kira rigar da kuke son saya rigar ceto. Ba ita ba ce, kuma wannan ruɗanin kaɗai ya isa ya halaka mutum. Ka tuna zuwanmu hutu Katagum wurin Kawu, mu zauna bakin Kogin Jama'are muna kallon masunta sun kifa ciki a kan gora? Aikin gora ɗaya ne, ya riƙe mutum a saman ruwa, ya gaji ko bai gaji ba. Rigar ceto jikar gora ce. Mai kyau a cikinsu, irin wadda aka rubuta wa 150N, an yi ta ne yadda ko mutum ya suma za ta juyo da fuskarsa sama. Ita kuwa wadda ka turo, da masu sayarwa ke kira BCD, ni nake ce mata rigar iska, danginta na cikin kifi. In Inna na gyaran karfasa, ka duba za ka ga wata farar jaka mai iska manne da ƙashin baya. Da ita kifi ke tsayawa a tsakiyar ruwa, bai nutse ba, bai taso ba. Aikin rigar ke nan. Ka ƙara mata iska daga silinda, ka rage, har nauyinka ya yi daidai da na ruwa. Tana aiki ne muddin mai ita na cikin hayyacinsa, in ya suma babu alkawarin za ta ɗaga masa fuska. Su kansu masu ƙera ta suna rubuta wannan gargaɗin a jikinta.

Ruwa yana matse iska. A zurfin mita 10 iskar da ke rigarka ta koma rabi, a mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku. Kana sauka rigar na motsewa, kana ƙara nauyi. Kana tasowa iskar na kumbura tana jan ka sama, in ba ka sake ta ba gudun ya ƙaru, kumburin ya ƙaru. Huhunka ma jaka ce. Wanda ya shaƙi iskar silinda a ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, huhunsa na iya yagewa ko daga zurfin da bai kai mita 2 ba. A nan ne nake jin tsoro a kanka, don gwanintarka ce za ta iya cutar da kai. Tun kana yaro ka saba ka cika ƙirji ka toshe, ka yi nutso ka fi kowa daɗewa. Dokar farko ta nutso da silinda ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, kuma jiki ba ya barin abin da ya saba sai da malami a kansa. Kada kuma ka ce ai koginmu ba shi da zurfi. Mita goman farko ne wurin da iska ta fi saurin canzawa.

Ban taɓa gaya wa Inna wannan ba. A shekarata ta biyu da fara aikin nutso na sayi riga ta gwanjo a hannun wani mutum, fes da ita a ido. Ina wajen mita 9 a ƙasa na danna maɓallin ƙara iska, ya maƙale. Gishiri da yashi sun daskare a cikinsa. Na ji rigar tana matse min haƙarƙari tana fizga ta sama. Abin da malaminmu ya sa muka maimaita har muka gaji shi ya zo min, na cire tiyon da ke kawo iska, na ja igiyar bawul ɗin kafaɗa, ina ta fitar da numfashi. Allah ya tsare, na kwana ana lura da ni, na tashi lafiya. Da ban yi wannan atisayen ba, da hannuna bai san inda zai je ba.

To, ga hotunanka. Ta ukun, baƙar nan mai aljihu da zobba barkatai, ka manta da ita. Ta yi maka girma, na gane daga yadda kafaɗunta suka sauka a jikin mai riƙe da ita, kuma an yi ta ne don masu ɗaukar silinda biyu a ruwan sanyi. Rigar da ta fi ƙarfin mutum takan hau masa har kunne in ya taso, silinda na yawo a bayansa. Ta biyun, mai jakar iska a baya kawai kamar fiffike, ita nake sawa yanzu, tana kwantar da mutum sosai a ƙarƙashin ruwa. Sai dai in an cika ta a sama takan tura fuska gaba, sabon shiga kuma bai san ya kwanta da baya ba. Ta farkon, mai kama da falmaran, iska na zagaye ciki da baya, ita ta dace da kai. Da irinta akasarin masu koyo ke farawa, don tana zaunar da mutum a miƙe a saman ruwa.

Ko ita ma sai ka gwada ta a jikinka. Ka ɗaure ɗamarar ciki da maɗaurin ƙirji, ka sa wani ya kama kafaɗun ya ja sama, in ta wuce haɓarka ba taka ba ce. Ka hura ta da baki har ta cika tam, ka ga ko kana iya numfashi sosai a ciki. Sannan ka cire ka ajiye ta a cike zuwa washegari. In ka tarar ta saki, tana yoyo, kada wani ya ce maka ɗan faci ne. Ka danna maɓallan nan biyu, na ƙara iska da na rage ta, sau da yawa, kowanne ya dawo da kansa nan take. Ka rufe ido ka lalubo igiyar kowane bawul, ta kafaɗa da ta ƙugu, don ruwanmu na damina ja ne kamar kunun kanwa, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Don haka ma nake son riga marar tarkace. A ƙarƙashin kogin akwai tsohuwar koma da ƙugiyoyi da rassan itace da ambaliya ta kwaso tun daga tsaunukan Jos, duk abin da ke lilo a jikinka zai sami abin kamawa. Ƙaramar wuƙa ko almakashi a gaban ƙirji, inda kowane hannu zai kai, ya wadatar.

Ƙarfin ɗagawa kuma kada a ruɗe ka da babbar lamba. Lita ɗaya ta iska na ɗaga kilo ɗaya. Mai silinda ɗaya a ruwa mai ɗumi, riga mai ɗaga kilo 12 zuwa 14 ta ishe shi. Ruwan kogi bai kai na teku ɗaga mutum ba, saboda haka dalmar da za ka ɗaura ba ta kai tawa ba, kuma dole ta zama wadda za ka iya yarwa da ja ɗaya. Ga wata magana da ta shafi aikinku kai tsaye. Ranar da ka sami wanda ake nema a ƙasa, zuciya za ta ce ka rungume shi ka cika riga ku taso. Kada ka yi. In ya suɓuce, kai kaɗai za ka yi sama kamar kibiya. Ka ɗaura masa igiya, na kan gaɓa su ja, kai ka taso a hankali, kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya.

Ban ji kun ambaci inda za ku riƙa cika silinda ba. Injin mai faci ba ya yi, ko da ya iya, iskarsa na ɗauke da mai da hayaƙi, a ƙarƙashin ruwa kuwa guba ce. Sai injin da aka yi don iskar shaƙa, mai matata, kuma ya fi rigar tsada nesa ba kusa ba. Ajiya ma aiki ce a garinmu. Zafin Maris da Afrilu yana cin roba, ɓera ma yana cinta. A wanke ta ciki da waje bayan kowane shiga, a rataye a inuwa da 'yar iska a ciki.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin nan, da kaso mafi yawa ya tafi ga rigunan ceto, manya da na yara, da doguwar igiya mai yawo a saman ruwa, a kai mashigai a damƙa wa masu kwale-kwale ta hannun Sarkin Ruwa. Ka tuna Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Kafin mai nutso ya ɗaura silinda ya iso, an riga an rasa su. Abin da zai riƙe su a sama a mintunan farko suka rasa.

Ban hana ka nutso ba, ina so ma ka iya. Ku zaɓi mutum biyu, don ba a shiga ruwa da silinda mutum ɗaya, ku zo nan bayan Sallah. Masauki da abinci da kuɗin makarantar ɗaya daga cikinku duk a wuyana. Matakin farko 'yan kwanaki ne, a tafkin wanka ake farawa kafin a fita babban ruwa, kuma a can za ka sa riguna iri-iri ka ji wadda ta zauna maka. Kafin nan ka je wurin tela ya auna ƙirjinka da ƙugunka, ka hau sikeli, ka turo min lambobin. Ka ce wa mai sayar da rigunan ya dakata, kada ka ba shi ko kafin alƙalami.

Ka gaishe min da Inna, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata. Ka gaida Kawu in ka leƙa Katagum, da abokan aikinka duka.

Wassalam.

Naka,
Yayanka.