Riƙon Ƙasa da Santsi a Titin Nima

Duk wanda ya taɓa jan buhun masara a kan daɓen siminti ya san farkon ja shi ne wuya. Za ka tattara ƙarfinka duka, buhu ya ƙi motsi kamar an kafe shi. Da zarar ya gusa kuwa, sai ka ji ya yi sauƙi. Ni da yara mukan ga haka kowace Asabar sa'ad da muke jan bencina domin shara a ɗakin da nake koyarwa a Maamobi. Karatuna na firamaren mishan ne, sai abin da na tsinta a littattafai daga baya. Duk da haka ina so in faɗi abin da na gane, gama rayukan 'ya'yanmu suna rataye a kan wannan magana.

In abu biyu suna taɓa juna, akwai ƙarfin da yake hana ɗaya zamewa a kan ɗaya. Masana suna kiransa gogayya, ni kuwa nakan ce wa yara riƙon ƙasa. Iri biyu ne. Akwai riƙon abin da bai fara zamewa ba. In ka tura kaɗan, sai ya hana kaɗan, in ka ƙara ya ƙara, har ya kai iyakarsa ya saki. Akwai kuma riƙon abin da ya riga ya fara zamewa, shi kuwa yawanci bai kai na fari ƙarfi ba.

Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya rubuta a kan wannan tun 1493. A 1699 wani Bafaranshe, Amontons, ya nuna cewa riƙon yana bin nauyi, ba ruwansa da faɗin wurin da ya taɓa ƙasa. Ka kwantar da bulo, ko ka tsai da shi a gefensa, ƙarfi ɗaya za ka sa kafin ya gusa. Amma ka ɗora wani bulo a kansa, sai ƙarfin ya ninka. Daga baya Coulomb, shi ma Bafaranshe, ya auna bambancin da ke tsakanin iri biyun nan, aka buga aikinsa a 1785.

To, ɗan'uwa mai karatu, bari mu je kasuwar Nima ran Laraba. Dubi samarin nan masu tura amalanke mai ƙafa huɗu, an labta masa buhunan albasa da masara. Unguwarmu tudu da gangare ce, amalanken kuwa ba shi da birki. In sun zo gangare, sai yaro ya riƙe shi, ya kafe ƙafa a kwalta. Ƙafarsa ce birkin. Ga inda hatsarin yake: riƙon da takalminsa yake samu yana bin nauyin jikinsa ne, kayan kuwa nauyinsu ne yake jan amalanken. Yaro mai kilo 60, a kan busasshiyar kwalta, abin da zai iya tarewa bai wuce kamar nauyin kilo 40 ba. Kayan kilo 500 a gangaren da yake sauka taki ɗaya cikin kowane taki goma suna ja da ƙarfin kilo 50. Ka ga tun kafin a tashi kaya sun rinjaye shi. Da silifas ɗinsa ya fara zamewa kuma, riƙon ya ragu, kome ƙarfin damtsensa.

Na taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu, "Ɗana, don me ba za ka raba kayan nan sau biyu ba?" Ya ce, "Baba, kuɗin tafiya ɗaya Hajiya za ta biya." Ban sami abin da zan ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Haka zancen yake ga mota. Tayar da take juyawa daidai ba ta zamewa, saboda haka tana da riƙo irin na fari, mai ƙarfin. In direban trotro ya taka birki da firgita har taya ta kulle, sai ta koma jan ƙasa, riƙo ya ragu, sitiyari kuma ya daina jin magana. Shi ya sa aka ƙera birkin nan da ake kira ABS, wanda yake kamawa yana saki da sauri don kada taya ta kulle. Tsofaffin motocinmu da yawa ba su da shi.

Gudu kuma yana da nasa lissafi. Motar da take tafiyar kilomita 30 a awa takan tsaya cikin kamar mita 5 bayan an taka birki. In ta kai kilomita 60, sai mita 20, wato ninki huɗu. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, nisan ya ƙaru ƙwarai. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta ce kada a wuce kilomita 30 kusa da makaranta, da kasuwa, da masallaci, da majami'a. A babban titin Nima, ina ne babu ɗaya daga cikinsu?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata 'yan kasuwa, ku dubi gangare kafin ku ƙara buhu, ku biya tafiya biyu ko mutum biyu. Yaron nan ɗan wata ne, ta sallame shi daga arewa tana jiran dawowarsa. Direbobi, ku duba tayoyinku kafin ruwan watan Yuni, ku sassauta ƙafa. Mu kuma iyaye da malamai, mu koya wa yara cewa ko direba ya gan su, mota ba ta tsayawa nan take. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.