Hoton da Ba Ya Tsufa

A cikin shekarar 1981, a birnin Kyoto na ƙasar Japan, aka ɗora wa wani saurayi mai zane, Shigeru Miyamoto, wani kaya mai nauyi. Kamfanin Nintendo, inda yake aiki, ya aika da akwatunan wasan bidiyo zuwa Amurka, sun yi kwantai. Sai aka ce ya ƙago sabon wasa da za a sa a cikinsu, ko Allah Ya sa a fita daga hasara.

To, injunan wannan zamani ba su da ƙarfi. Hoton da suke nunawa ɗigo-ɗigo ne, kamar ɗinkin hula. Ɗan mutumin da za a zana ba zai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba, launi kuwa uku ne tak. Ina wurin gashi, ina wurin baki?

Miyamoto bai tsaya kukan rashi ba. Da ya ga gashi zai yi wuyar motsawa, sai ya sa wa mutumin hula. Da ya ga baki ba zai fito ba, sai ya yi masa gashin baki da ƙaton hanci. Ya kuma bambanta launin rigarsa da na wandonsa mai maratayi, don a riƙa ganin hannuwansa in yana gudu. Wasan nan, Donkey Kong, ya karɓu ƙwarai. Ɗan mutumin kuwa shi ne aka sa wa suna Mario, wanda ya game duniya da wasan Super Mario Bros. na 1985. Har wa yau, yaro ya gan shi sau ɗaya ya shaida shi.

A 1994 kamfanin Sony ya fito da PlayStation. Masu yin wasanni suka shiga tseren zana mutane kamar na gaske, jama'a suka yi ta mamaki. Amma wanda ya duba yawancinsu yanzu, sai ya ga fuskoki kamar an sassaƙa su da gizago. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya ce hotonsa zai yi daidai da halitta, duk ran da aka ƙera injin da ya fi nasa, asirinsa ya tonu. Wanda ya zaɓi salon kansa kuwa, ba a auna shi da ƙarfin inji.

Nintendo ya sake gwada wannan a 2002, da wasan The Wind Waker. An zana shi da launuka masu haske, kamar littafin yara. Tun kafin ya fito mutane da yawa suka yi ta gunaguni, wai an mai da su yara. Da aka sabunta shi a 2013, salon da aka raina ɗin nan shi aka fi yabo.

Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Maƙeri ne, ko masaƙi, ko wanda jiya-jiya ya koyi riƙe alƙalami, kada ƙarancin kayan aiki ya karya masa zuciya. Ya san iyakar abin da ke hannunsa, sa'an nan ya kyautata aikinsa a cikinta.