Mu Ya Mu: Azumin da Waya Ta Zama Likita

Ku matso, tunda mu ya mu ne. Wace ce a cikinmu ba ta kwana da waya a hannu ba a azumin 2020? Sai dare ya raba hukumar NCDC take fitar da alƙaluman korona, mu kuwa ido biyu, ga sahur na jira. Ki ga lambar, ba ta ƙara miki komai ba, gobe kuma ki sake jira.

Abin da ya fi tayar da hankali a Kano shi ne rashin bayani. An samu mai cutar na farko a watan Afrilu, sai ga dattawa suna ta rasuwa, wurin gwaji kuma ya tsaya na kwanaki. Da aka rasa mai cewa ga dalili, sai masu haƙar kabari suka zama majiyarmu. Kowa na tambayar gawa nawa aka kai maƙabarta yau. Kafin Buhari ya rufe jihar ranar 27 ga wata, tuni kowane gida ya yi nasa likitan a WhatsApp.

Ni dai a ganina mai fargaba ba gaskiya yake nema ba, abin yi yake nema. Likita zai ce a wanke hannu a jira, saƙon murya kuwa zai ce a dafa citta da tafarnuwa da lemon tsami yanzun nan. Wanne za ki bi? Trump na ambaton kulorokwin, farashinsa ya tashi, har aka kwantar da wasu a Legas don sun sha ya wuce kima. Madagaska ta fito da ruwan tazargade, muka ce ai namu ne. Haka aka yi wanka da ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014.

Akwai kuma irin Goggo. Ita da an fara labarai sai ta kashe rediyo, ta ɗauki carbi, ta ce: "Ku ƙyale ni, 'yan nan, hawan jinina ya ishe ni." Kada ku ce ba ta damu ba, tsoron nan ne dai ya bi da ita ta wata hanyar.

Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce. Lokacin mutane sun koma neman abinci, kowa ya riga ya tsayar da abin da zai yarda da shi.