Sabon rasor a tsohuwar mota

Duk wanda ya saba bin gudron da ya haɗa Maraɗi da Damagaram ya san mota mai tafiya a karkace, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar jakin da aka yi wa laftu gefe guda. Mafi yawan lokaci kaya ne ke jawo haka, da an sauke buhunna sai motar ta miƙe. Amma akwai wadda ke karkata ba kowa a cikinta, kuma karkatar ba ta bayyana sai bayan mai ita ya kashe kuɗi wajen gyara. Irin wannan ce ta sami wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Maraɗi, dattijo mai Peugeot 504 wadda ta girmi ƴaƴansa duka.

Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, aka daina ƙera ta can a 1983, amma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Tasa haɗin Kaduna ce, mai shan isansi. Ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa tun yana bakin aiki, ta kai shi ƙauyuka wajen rangadi, ta kai amare gidajensu, ta kai marasa lafiya asibiti da tsakar dare. Ran nan, a wani rami kusa da Tasawa, ƙarfen nan mai naɗi da ke ɗauke da motar, wanda masu garaji ke kira rasor, ya karye a gaba ta hannun hagu.

Dattijon ya yi abin da yawancin ma'aikatan zamaninsa suka saba yi. Tun watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100, kayan mota suka yi tsada albashi yana nan inda yake, mutane suka koyi sayen rabin gyara. Abin da ya karye shi ake sauyawa, ɗan'uwansa kuwa a bar shi sai ranarsa ta zo. Ya je wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya zaɓi rasor guda mai kauri da sheƙi, wani matashin bakanike ya ɗaura masa kafin azahar.

Da aka sauke motar sai ga ta a karkace: gaba ta hagu ta ɗaga, baya ta dama ta duƙa. Matashin ya ce amortisar ɗin baya ne ya mutu. Aka sayi biyu, aka sa, motar ba ta miƙe ba ko da faɗin yatsa. Wani kuma ya kawo shawarar a yanko tsohuwar taya a cusa tsakanin naɗin rasor ɗin baya, ko a sa wuta a rage tsawon sabon. Nan dattijon ya ja birki, domin ya san garin neman gira akan rasa ido. Ya tuka motar zuwa wajen wani tsohon mai garaji da ya yi shekaru yana gyaran motocin tasha.

Tsohon bai taɓa ko bulon ɗaya ba. Ya zaga motar sau biyu, sannan ya ce:

"Alhaji, kafin ka ƙara fitar da ko dala, bari mu auna."

"Maigida, ai ido ma ya gani."

"Ido ya ga ta karkata, amma bai faɗa maka wace ƙafa ce mai laifi ba."

Ya sa aka kai ta kan shimfiɗaɗɗen sumunti na wani gidan mai, domin ƙasar garaji ba ta da gaskiya. Aka daidaita iskar tayoyi, aka kwashe duk abin da ke bayan motar, aka tura ta gaba da baya don ta zauna da kyau. Ya ɗauko mita irin ta magina, ya auna daga cibiyar kowace taya zuwa bakin ƙarfen da ke rufe ta, saboda awon da aka fara daga ƙasa tsufan taya yana iya ɓata shi. Gaba, hagu ya fi dama da santimita 3. Baya, dama ya gaza hagu da santimita 2.

Daga nan ya yi masa bayanin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe. Rasor shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Amortisar aikinsa hana ta rawa bayan ta faɗa rami, saboda haka sauya shi ba ya miƙar da mota mai karkata. Ƙafafun mota huɗu kuma a ɗaure suke da jiki ɗaya: in kusurwa ɗaya ta tashi, wadda ke fuskantar ta a gicciye sai ta nutse. Bayan motar lafiyarsa ƙalau, ciwon gaba ne yake ɗauka.

Da aka kwance gaban, laifi ya fito har uku. Na farko, ɗigon fenti da masana'anta ke sa wa a jikin rasor don nuna ƙarfinsa bai zo ɗaya da na tsohon ba: na motar gazuwal ne, wadda injinta ya fi nauyi, don haka ya fi ƙarfin wannan motar. Na biyu, wutsiyar naɗin ba ta zauna cikin gurbin da aka yi mata ba, ta hau bisa gefe. Na uku, an ɗaure bulon ɗin robobin hannun ƙafa lokacin da motar ke ɗage tayoyi na lilo, sai robar ta murɗe da aka sauke ta, tana tura motar sama, kuma da an bar ta haka da ta yage cikin ƴan watanni. Bayan wannan duka, rasor ɗin dama ya gaji da shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya, ya rage tsawo. Ko da an sami sabo daidai da motar, muddin guda ne, tsohon ba zai yi kafaɗa da shi ba.

Aka nemo biyu masu fenti iri ɗaya, aka tsayar da su a ƙasa aka ga tsawonsu ya zo daidai. Tsohon bai yarda yaransa su matse rasor da waya ko igiya ba, kamar yadda ake gani a wasu garaji, domin ƙarfin da ke cikinsa in ya kuɓuce yana karya hannu, yana fasa fuska. Da abin matsewa na ƙarfe aka yi aikin. Ya cire sandar da ke haɗa ƙafafun gaba ta gefe ɗaya don ya tabbata ba ta lanƙwashe ba, ya mayar. Bai ƙarasa ɗaure bulon ɗin robobi ba sai da motar ta tsaya bisa tayoyinta. Suka zaga gari, suka koma kan sumuntin, suka sake awo: bambancin bai kai santimita 1 ba.

Mai karatu yana iya cewa santimita 3 ba abin tayar da hankali ba ne. To, mota mai karkata tana cin taya ta gefe ɗaya, tana ja zuwa gefe in an taka birki, fitilarta ɗaya tana haska idon mai zuwa ɗaya tana haska ƙasa. A hanyar da ake gamuwa da manyan motoci da amalanke da shanu bayan magariba, wannan ya isa ya raba iyali da mai ciyar da su. Ɗan kasuwar da ke ɗora wa motarsa kayan Jibiya ko na Ƙonni fiye da ƙima, shi ma rasor ɗinsa yake tsufar da wuri, sau da yawa gefe ɗaya kafin ɗaya.

Akwai kuma karkatar da ba ta jin magani, kuma tsohon bai ɓoye wa dattijon ba. In aka musanya na hagu da na dama karkatar ta bi rasor, laifin nasa ne. In ta tsaya inda take, to jikin motar ne ya lanƙwashe, ko dai daga tsohon haɗari ko tsatsa ta ci mazaunin ƙafa, kuma babu abin da za a sayo a kasuwa ya gyara wannan sai aikin maƙeri, ko haƙuri da motar.

Da dattijon ya yi lissafi, ya ga ya biya rasor 3 da amortisar 2 da ladan aiki sau uku, inda rasor 2 da aiki ɗaya suka isa. Araha ba ta ado. Ya rubuta awon ƙafafun nan huɗu a ƴar takarda, ya sa cikin takardun motar. Kowace shekara, in damina ta wuce ta bar ramukanta, yakan kai ta kan sumuntin nan ya sake aunawa kafin ya ɗauki jikoki zuwa Damagaram.