Zaman Ƙauye A Gefen Dajin Yankari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna, musamman waɗanda in aka sauya su zuwa ƙauye sai su ɗauka horo aka yi musu. Ni ma haka na ɗauka ran da takarda ta iske ni a Bauci, aka ce in tafi wani ɗan gari a ƙasar Alkaleri, daf da iyakar dajin Yankari. Abokaina har jaje suka yi mini. Yau shekarata huɗu a nan, kuma ban nemi a mai da ni ba.

Ba zan ce zaman ba shi da wuya ba. Da damina hanya takan lalace, wanda ya kamu da ciwo da dare sai a ɗora shi bisa babur. Littafi da alli sukan yanke mana, wayar hannu kuwa wani lokaci sai ka hau tudu kafin ta kama. Amma fa ban taɓa sayen kuka ko kuɓewa ba, nono kuwa Fulani na kawo shi har ƙofar gida. Maigari ya ba ni 'yar gona, ina taɓa noma bayan an tashi makaranta. A birni albashina ba ya kai ni ashirin ga wata, a nan kuwa har na sayi tumaki biyu.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dajin nan da muke maƙwabtaka da shi. An keɓe Yankari domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mai da shi ga Jihar Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Daga babbar ƙofa da ke Mainamaji mutum zai yi tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin ya isa masaukin Wikki. A gindin masaukin nan ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana tsaye ciki kana ganin yashi da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Na taɓa shiga da sassafe cikin hunturu, tururi na tashi bisa ruwan, wallahi da ƙyar na fito. Sai dai mai zuwa ya kula da guzurinsa, gama gwaggon biri na wurin ba ya jin kunyar kowa. Ni kaina ya fizge mini burodi ina riƙe da shi.

Wannan duk idon baƙo ke nan. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A shekarata ta farko, da kaka, na lura wani yaro mai ƙoƙari ya shiga yin gyangyaɗi cikin aji. Na tsawata masa sau biyu, na uku na ɗauko bulala. Sai wani ɗan ajin ya miƙe ya ce, "Malam, ai a gona yake kwana, giwa suke tsaro." Da yamma na je gidansu, uban ya kai ni gonar. Dawar da ya yi wata biyar yana wahala a kanta, garke guda ya bi ta cikinta dare ɗaya, abin da ba su ci ba sun tattake. Shi da 'ya'yansa sun hura wuta, sun buga garewani, sun yi kururuwa har muryarsu ta dishe. Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Da na koma aji na tambayi yara wa ya taɓa shiga Yankari. Ko ɗaya babu. Mutane na tasowa daga Ikko da Kano, har daga Ingila, su biya kuɗi domin su ga giwa, amma yaron da aka haifa a gefen dajin bai san ta ba sai cikin duhu, tana cinye abincin gidansu. Yaya za a ce da wannan yaro in ya girma kada ya ɗana tarko, ko kada ya ɓoye mafarauci?

Da bazara ta zo muka yi karo-karo da iyaye, na kwashi yara goma sha biyu muka tafi. Lokacin ne ya fi kyau, domin ciyawa ta bushe, namun daji duk sun gangaro kogin Gaji neman ruwa. Muka ga ɓauna da gwanki da gwambaza, da gadu yana gudu da wutsiya a tsaye. Aka nuna mana kogunan da mutanen da suka sassaƙa cikin dutse, guda 59, waɗanda ake kira da sunan Marshall. Can wajen la'asar muka ci karo da giwaye, wata tana tura ɗanta da hannu ya hau gaɓa. Yaron nan mai gyangyaɗi ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, daga baya ya ce, "Malam, ashe tana da tausayi." Gani ya kori ji. A motar komawa kuwa sai ya tambaye ni karatun da ake yi a zama ma'aikacin gandun daji.

Saboda haka ina roƙon manyanmu su duba abu biyu. A sauƙaƙa wa makarantun da ke kewaye da dajin su riƙa kai yara ko sau ɗaya a shekara, a kuma riƙa ɗaukar 'ya'yan garuruwan nan aikin gandun. Manomin da giwa ta yi wa ɓarna shi ma a san abin da za a share masa hawaye da shi. Malamin da aka turo wannan yanki kuwa, kada ya tsaya neman a soke takarda. Ya zo da gidan sauro da tocila, in ya iso ya neme ni, akwai ɗaki.

Naka,
Wani Malamin Makaranta,
Ƙasar Alkaleri.